Tutar Godiya Kafin Allura

Yayana Pang Dehai bai taɓa jin an ambaci wata sana'a ya ce bai iya ba. Duk shekarun aikinsa a kan kujerar direban bas ya ƙare su, yana zagaya birninmu Chengdu na ƙasar Sin yana zagin masu keke, amma in ka zauna da shi a gidan shayina sai ka rantse shi ya koya wa likitocin garin nan riƙon allura. Cewa yake a jininmu abin yake, wai kakanmu babban mai allurar gargajiya ne, irin wadda ake tsittsira wa jiki don magani, da manyan gari suke layi a ƙofarsa. Ni ce autarsu, kuma na san kakan nan sarai. Awara yake sayarwa a bakin gada, ita ma ɗin ba wani daɗi gare ta ba.

Ƙaryarsa ba ta taɓa damuna ba, tunda tana tara min masu shan shayi. Sai da maganar Yaya Lan ta taso.

Yaya Lan ita ce mai shagon taliyar da ke kallon gidan shayina. Tun da matar yayana ta rasu, can yake karyawa kullum, ya ci taliya mai yaji yana zufa yana surutu, ya tashi kamar ba ya so. Duk unguwa ta san son ta yake yi. Ita ma ta sani. Shi kaɗai ne yake ganin ya ɓoye abin da kyau, kuma mutumin da bakinsa ba ya hutawa, wannan magana guda ɗaya ta gagare shi furtawa.

To, sai kafaɗarta ta dama ta ƙage. Hannu ya ƙi ɗaguwa, ludayi ma da ƙyar take juya shi. Ɗanta da ke can birnin Shenzhen mai nisa ya bugo waya ya ce ta rufe shago ta koma wurinsa, ita kuma ta ce masa in bikin cikar wata na lokacin kaka ya zo hannun bai saki ba, za ta tattara ta taho. Kowa ya ce ta je wurin Likita Mo, mai allura a bayan kasuwar kayan miya. Ta ce ita tun da aka haife ta ba a taɓa tsira mata wannan abin ba, kuma ba da tsufanta za a fara ba.

Ranar da yayana ya ji zancen Shenzhen, ko rabin kwano bai ci ba. Ya tsallako titi, ya zube a kujerar gora a gidan shayina. Can sai ya daki tebur, murfin kofin shayi ya yi tsalle.

"Auta, an gama! Ni zan kai ta."

"Ka kai ta ina, Yaya?"

"Wurin Mo mana. Yarinyar tana da hannu, ba laifi, sai dai tana buƙatar babba a kusa da zai riƙa nuna mata hanya."

Tsoho Du, mai ƙwaƙule wa mutane kunne a gidan shayina, wanda shi da yayana suke tsokanar juna tun suna makaranta, ya ɗago kai daga kunnen da yake aiki a ciki.

"Malam Pang, kai an taɓa yi maka allurar ma kuwa?"

"Ni? Tambayi jikina. Babu inda ba a soka ba. Har barci nake yi, in farka in ce a ƙaro."

"To ai ban taɓa ganin ka shiga can ba."

"Ta ƙofar baya nake bi, kada marasa lafiya su tare ni da tambayoyi."

"Gidan ba shi da ƙofar baya."

"Ga irinka ba shi da ita."

A ranar ya tafi wurin masu rubuta allunan talla ya sa a yi masa tutar godiya. Jan ƙyallen nan mai rubutun ruwan zinare dai, ko yaro ya san sai mutum ya warke sarai yake kai wa likita a rataye a bango. Na ce masa haka. Ya dube ni kamar na ba shi tausayi.

"Shi ya sa har yanzu shayi kike sayarwa, Auta. Ki yi tunani. In muka kai tuta tun ranar farko, da ganguna, a gaban jama'a, ina Mo za ta sa fuskarta in hannun bai warke ba? Ko don kunya sai ta warkar da shi."

"In kuma ta kore ku fa?"

"A kori tuta? Kin taɓa gani?"

Ban taɓa gani ba, don ban taɓa ganin wanda ya yi irin wannan haukan ba. Kafin yamma ya je dandalin da matan unguwa ke rawa, ya shawo kansu su zo da gangunansu da jajayen mafitansu. Ƙawayen Yaya Lan ne duka, ga shi ba su da abin da suke so irin a ce musu akwai taro.

Saura ita Yaya Lan ɗin. Yayana ya ce tsoro a hankali ake cire shi, don haka zai fara nuna mata ƙaho irin namu na kwalba da wuta, ta ga abin wasa ne. Ya shiga kicin ɗina ba izini ya ɗauko kwalbar man barkono da ta ƙare, ya ɗauraye ta sama-sama, ya samo auduga da ashana. Ya sa aka kira Yaya Lan, ta tsaya daga bakin ƙofa riƙe da kafaɗa.

"Wa zai ba ni baya?" in ji shi. "Du, cire riga."

"Bayana na gado ne, ba na ba da aro."

Ya bi teburori ɗaya bayan ɗaya. 'Yan wasan majong, wato kartar garinmu, suka duƙufa kan wasansu kamar ba su taɓa ganinsa ba. Da ya ga babu mai bayarwa, ya ce to shi ai ƙwararre ba ya rasa wurin aiki. Ya kunna auduga, ya zura a kwalba, ya zaro, ya kafa kwalbar a tsakiyar goshinsa.

Ta kama kuwa. Kai, ta kama fiye da yadda ya nema! Fatar goshi ta shige ciki ta yi tudu, girarsa ta ɗage sama, ya koma kamar wanda aka gaya wa labarin mamaki ya kasa dawowa.

"Kin gani, ƙanwata Lan? Ko zafi babu."

Bai rufe baki ba sauran man barkonon da zafi ya narkar ya sami hanya ta gefen kwalba ya gangaro masa ido.

"Auta! Ruwa! A'a, cire ta! Wayyo, ruwa tukuna!"

Na kama kwalba ina ja, Du ya riƙe shi ta ƙugu yana ja, yana dariya har hannunsa ba ƙarfi. Wani ɗan majong ya watsa masa shayi, ya same ni. Da ƙyar Yaya Lan ta matso, ta danna fatar gefen kwalbar da ɗan yatsa, iska ta shiga, kwalba ta ce fau ta faɗo. A goshin yayana ga da'ira baƙa-baƙa, ja-ja, zagayayya tsaf kamar hatimin ofis.

Yana hawaye yana cewa, "Da gangan na yi. Iskar kai ake cirewa haka. Manyan malamai kaɗai ke yi wa kansu."

"In wannan ne mai sauƙin," in ji Yaya Lan, "allurar kuma yaya take?"

Na bi ta shago na lallashe ta. Ta ce yanzu da ya gaya wa duniya, har an yi guga an ajiye kayan rawa, ba ta da bakin cewa ba ta zuwa. Za ta je ta nuna harshe, a taɓa mata hannu, a ba ta ganye ta dafa. Allura kuwa, ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ranar da za a je wurin likita, tun da safe yayana ya bayyana da kwat ɗin da ya yi bikin ɗiyarsa da ita, da hula da ya jawo har gira don rufe hatimin. Ya hana Yaya Lan buɗe shago.

"Ba ci, ba sha. Wurin likita za mu, ciki a wanke ake zuwa. Ni ma ko ruwa ban kurɓa ba."

"Wannan ai na asibitin ɗiban jini ne," na ce.

"Auta, ke likita ce? Ƙanwata Lan, fito da harshe mu gani."

Ta fito da shi. Ya ja da baya ya dafe ƙirji.

"Tabɗi! Da wannan farin za ki je gaban mutane? Ai sai a ce unguwarmu ba a wanke baki."

Ya miƙa mata cokali ta kankare harshen tas, yana tsaye a kanta yana nuna mata inda ta bari. Ya ce yanzu kuma ya yi fari fat kamar na mara jini, ya zaro jar alewa irin ta yara ya ce ta tsotsa har launi ya zauna. Matan rawa suka iso, ya sa suka shafa mata hoda da jan kumatu, wai likita tana duba fuska, kada ta ga kamar ba a kula da ita. Ni dai ina gefe ina cewa wannan ba daidai ba ne, babu mai ji na, ganga ta riga ta fara.

A hanya muka zo gadar masu tafiya a ƙasa. Ya tsayar da ayari.

"Saura bugun jijiya. In Mo ta taɓa hannunki ta ji shi sanyi-sanyi, cewa za ta yi kin tsufa, ba za ta ɓata ƙoƙarinta ba. Hau mu sauka."

Suka hau suka sauka, suka sake hawa, shi a gaba yana ba da umarni, ita a baya tana haki tana tsine masa a hankali. Masu wucewa suka tsaya kallo. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko gasa ake yi.

A ƙofar Likita Mo ya jera matan, ya ba biyu daga cikinsu tutar a naɗe.

"Ku saurara da kyau. Ba kiɗa, ba motsi, sai kun ga na fito ta ƙofar nan. Ina fitowa, ku saki ganga, ku warware tuta, ku cashe. Kome ya faru kada ku tsaya."

Muka shiga mu huɗu, don Du ya ce ko za a kashe shi sai ya gani. Ɗaki ne babba mai gadaje da labule, warin tazargaden da ake ƙonawa ya cika shi, mutane kwance shiru da allurai a jiki, wani har da minshari. Na lura yayana ya kafa ido a kan silin, bai yarda ya dubi ko gado ɗaya ba.

Likita Mo mace ce 'yar siririya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da Yaya Lan, ta tambaye ta barcinta da cin abincinta da yadda ciwon ya fara, yayana yana amsawa kafin ta buɗe baki. Sannan ta ce, "Goggo, harshe."

Harshe ya fito ja wur, sumul, yana ƙyalli. Likita ta gyara tabarau. Ta ɗora hannun Yaya Lan a kan ɗan matashi, ta aza yatsu a kan jijiya. Na ga girarta ta haɗe.

"Goggo, kullum haka zuciyarki take bugawa?"

"A'a, 'yata. Gada muka yi ta hawa."

"Don me?"

Yaya Lan ta nuna yayana da haɓa.

"Harshen fa, ina farin kansa?"

"Yana jikin cokali."

"Jan kuma?"

"Alewa."

Likita ta jiƙa tawul ta miƙa mata. "Goge fuskar nan, Goggo, in ga wadda ta zo wurina."

Yayana ya gyara kwat ya matso. "Likita, aikina ne wannan. Mu gidanmu ba ma zuwa gaban likita a wulaƙance. Mutunci ne."

"Kawu, abin da ka kankare ɗin nan shi nake dubawa in gane ciwo. Launin fuska ka rufe, jijiya ka kora da gudu. Me ka bar min?"

"Kafaɗar."

"Na gode. Ta ci abinci?"

"Ko ɗigon ruwa!" Ya faɗa yana kallonmu, yana jiran yabo.

"Ba a yi wa mai yunwa allura, jiri ke kwashe mutum." Ta juyo gare ni. "Goggo, a taimaka a samo mata madarar waken suya da burodin tururi. Kai fa, Kawu, ka karya?"

"Ni? Kwano biyu, har da ƙari."

Na buɗe baki zan yi magana, ya take min ƙafa.

Na dawo da abinci, Yaya Lan ta ci, ta huta, numfashinta ya daidaita. Likita ta duba kafaɗar, ta ɗaga hannun iya inda zai tafi, ta ce za a iya aiki a kai. Sai ta jawo faranti ta ɓare sabbin allurai, sirara kamar gashi. Yaya Lan ta miƙe tsaye ta ɗauki jakarta.

"Na nuna harshe, an taɓa hannu. Sai an jima."

Nan na ga fuskar yayana ta canza. In ta fita ta ƙofar nan, Shenzhen ta tafi, kuma ya san haka. Ya tare hanya ya buɗe hannuwa.

"Tsaya, ƙanwata Lan! Wannan ɗan abin? Likita, fara da ni ta gani. Soka ko'ina kike so."

Ya ɗan karkato ya raɗa min, "Kwantar da hankalinki, ba sa yi wa mai lafiya."

"Kawo hannu, Kawu," in ji Likita. Ta taɓa, ta dube shi ta saman tabarau. "Jijiyarka tana gudu kamar wanda kare ya biyo."

"Murna ce."

Ta zagaya ta danna ƙasan bayansa da babban yatsa, ya yi ƙara ya ɗage ƙafa ɗaya.

"Direba ne kai, ko? Bayan nan ya daɗe yana neman taimako. Cire kwat, hau gado, ka kwanta rub da ciki."

"Yau? Ai ban zo da shiri ba. Ina nufin, kada in ci wa wasu layi."

"Hau mana, Malam Pang," in ji Du. "Ba kai ne mai barci ba? Ga matashi."

Ya dubi Yaya Lan. Ta ajiye jaka, ta harɗe hannu mai lafiya a ƙirji tana jira. Ya hau gadon kamar mai hawa tsani a cikin duhu. Aka naɗe masa riga zuwa wuya, aka naɗe ƙafafun wando, hula ta faɗi, Likita ta ga hatimin goshi ta buɗe baki ta fasa tambaya. Ya cusa fuska a ramin da aka yi wa gadon don sa fuska, bakin kuwa bai tsaya ba.

"Ki saki jiki, Likita, kada sunana ya firgita ki. Kakanmu cewa yake hannu ya zama sako-sako. In kin zo sokawa ki gaya min, in nuna miki wurin. Kada ki yi ba-zata. To fara mana, jama'a na jira."

"Ai na gama, Kawu."

"Kin gama me?"

"Duk suna ciki. Kwanta shiru, kada ka motsa."

Gaskiya ko ni ban ga lokacin da ta yi ba. Ga su nan jere a bayansa da bayan gwiwoyinsa, suna ɗan rawa in ya yi numfashi. Da an bar shi haka, da ya ci nasara, don Yaya Lan ta matso tana leƙe, har ta ce, "Ashe babu jini." Amma Du ba ya ganin zaman lafiya ya ƙyale. Ya ɗauki hoto da waya, ya durƙusa, ya zura ta ƙarƙashin gado daidai idon yayana.

"Ga ka nan, Malam Pang. Bushiya sak."

Wani sauti ya fito daga ramin gadon nan wanda ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Mai minshari ya farka. Likita ta ce, "Kada ka tashi!" amma ina, mutumin ya riga ya diro, ya ture labule, ya yi ƙofa ba takalmi, riga a wuya, wando a gwiwa.

Yana fitowa ganga ta tashi.

Matan nan sun cika alkawari. Kiɗa ya kece, mafitai suka buɗe, tuta ta warware daga sama har ƙasa. Duk kasuwar kayan miya ta juyo. A jikin tutar, can gefe da ƙananan haruffa, an gode wa Likita Mo. A tsakiya kuwa, da haruffan da makaho ma zai shafa ya karanta, an rubuta cewa an yi wannan waraka ne a ƙarƙashin jagorancin Malam Pang Dehai, jikan masu allura.

"Ku tsaya! Ku cire min! Ku tsaya!" Yana ihu yana wulwula hannuwa sama, yana juyi yana neman ganin bayansa.

Su kuwa an ce musu kome ya faru kada su tsaya. Da suka ga yana ɗaga hannu yana juyi, suka ɗauka sabon salo ne, suka bi shi. Ya yi hagu, suka yi hagu. Ya yi tsalle, mata wajen goma suka yi tsalle. Masu sayar da kifi suka hau tafi, wani yana cewa, "Wannan likita ta iya aiki, dubi yadda tsoho ya warke!"

Sai na ga fuskarsa ta yi fari, ya fara tafiya ta baya. Dariyata ta ɗauke. Tsoro ya kama ni sosai, don in ya faɗi a kan alluran nan ba wasa ba ne, kuma na yi nisa da shi. Yaya Lan ce ta riga kowa. Ta cafki gaban rigarsa da hannun hagu, hannun da ya kwana biyu yana ɗaga tukunya shi kaɗai, ta fizgo shi gaba. Ya tafi da fuska cikin kwandon kabejin wata mata.

Likita ta iso, ta zare alluran ɗaya bayan ɗaya cikin ƙiftawar ido, ta duba ta ce babu wadda ta karye. Muka juya shi. Ta kafa farce a ƙarƙashin hancinsa ta danna.

"Kwano biyu, ko?" ta ce da ni.

"Ko ruwa bai sha ba."

Ganga ta mutu. Jama'a suka zagaye mu. Yayana ya buɗe ido a hankali, ganyen kabeji manne a kumatu, abin da ya fara gani kuwa fuskar Yaya Lan ce a kansa. Bai san inda yake ba, bai san akwai kowa ba. Da wata 'yar murya da ban san yana da ita ba ya ce,

"Lan, kada ki tafi Shenzhen. Ni ban san komai a kan allura ba, tsoronta nake ji kamar me. Ke ce kawai ba na so ki tafi."

Kasuwa ta yi tsit, har ana jin kifi na motsi a baho.

"Na ɗauka a waya," in ji Du.

Nan hankalin yayana ya dawo. Ya ga mutane, ya ga tuta, ya ga matan rawa sun toshe baki da mafitai. Ya yunƙura ya zauna yana kakkaɓe riga.

"Me na ce? Kada ku kula, jiri ne. An san shi a littattafai, mutum yakan yi sambatu. Ni abin da nake nufi, garin can akwai laima, ba ta da kyau ga kafaɗa."

"Jiri ne?" in ji Yaya Lan.

"Jiri ne zalla."

"To shi ke nan. Bari in je in fara haɗa kaya."

Ta miƙe ta juya. Ya kama bakin wandonta.

"Ba jiri ba ne."

"Ban ji ba. Gangar da ka ɗauko ta toshe min kunne."

Ya dubi Du, ya dube ni, ya dubi mai kabeji da ke jiran a biya ta ɓarna. Sannan ya rufe ido ya kwarma, yadda yake yi wa fasinja a da, "Na ce ba jiri ba ne!"

Matan rawa suka saki ihu, mai ganga ta ɗaga sanda, Likita ta ɗaga mata yatsa ɗaya ta sauke. Ta ce a naɗe tutar nan a mayar gida, ita ko taɓa mara lafiyar ba ta yi ba tukuna.

Yaya Lan ta dubi yayana a ƙasa. Sannan ta juya ga Likita.

"'Yata, gaya min gaskiya. Hannun nan zai saki kafin bikin wata?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Goggo. Irin wannan kafaɗar tana cin lokaci. Sai kin yi ta zuwa, kina motsa ta a gida. Bikin zai iya zuwa ya wuce."

"To ya zo ya wuce ɗin. Zan bugo wa yaron nan in gaya masa."

Ta koma ciki da ƙafarta, ta zauna a bakin gado, ta zame riga daga kafaɗa. Ta kau da ido daga farantin allura. Likita ta ɓare sabbin allurai. Muka shigo da yayana, na cusa masa ragowar burodin a hannu, ya tsaya daga nesa yana tauna kamar yaron da aka kama da laifi.

"Dehai," in ji Yaya Lan. Ban taɓa jin ta kira sunansa haka kai tsaye ba. "Zo ka riƙe min hannu. Tsoro nake ji."

Ya dubi farantin allura, ya ajiye burodin. Ya taho a karkace, ya jawo kujera, ya zauna ya juya fuska bango, ya miƙa hannu ta baya yana lalube har ta kama. Ni kuwa ina tsaye ina dariya hawaye na zuba, don tausayinsu ya kama ni, daɗi kuma ya cika ni, na rasa wanda zan fara ji.

"An fara?" ya tambaya, ido a runtse. "Likita, ki bi a hankali. Kakanmu cewa yake..."

"Dehai, yi shiru."

Ya kuwa yi shirun, bai saki hannun ba.